Kujerun jerena sun cinye falon, na kuma kasa rabuwa da su

Maman 'Yan Biyu

Assalamu alaikum. Don Allah shawara nake nema, musamman a wurin waɗanda suka taɓa gyara falon da ake zaune a ciki, ba sabon gini ba.

A Ɗorayi muke cikin Kano, gidan namu ne, ɗaki biyu da falo. Falon ƙafa 12 ne a 14. Shekarata 11 a cikinsa, kuma tun ranar da ƙannen Ummata suka yi mini jere babu abin da ya gusa daga inda suka ajiye shi. Saitin kujeru ne na mutum bakwai, mai uku, mai biyu da ƙanana biyu, irin masu faffaɗan hannu da sassaƙa a ka, yadinsu ja mai duhu. Ga teburin gilashi a tsakiya, ga shogilas cike da tangaran ɗin da ban taɓa zuba abinci a ciki ba, ga talabijin. Filin da ya rage a ƙasa, in aka shimfiɗa sallaya biyu ya cika.

To a wannan ɗan filin muke rayuwa mu shida. Nan ake ajiye tiren tuwon dare, nan yara ke kifa ciki su yi aikin makaranta, nan suke biya hadda bayan magariba, nan maigidan yake miƙe ƙafa idan ya dawo daga kasuwa, ya jingina bayansa da gindin kujera. Kujerun sai baƙi. Su ma baƙin in 'yan'uwa ne mata, kafin a kawo musu ruwa sun zame ƙasa sun yaye mayafi. Sau biyu autana yana fasa goshi a kusurwar teburin nan.

Sannan ga bango. Fentin mai ne ruwan hoda, tun na amarci. Bangon da doguwar kujera ta jingina da shi, wanda bayansa lungu ne, duk damina da an shiga watan Agusta sai fentin ya kumbura ya yi ƙuraje, in ka taɓa ya ɓare, wani farin gari kamar kanwa ya zubo. Daga ƙasa har wajen gwiwata. Akwai wani wari na danshi da turaren wuta ba ya iya kore shi, sai dai su gauraye. Taga ɗaya ce, na rufe ta da labule mai hawa uku, da tsakar rana ma sai na kunna fitila. A bazara kuwa falon ba ya zaunuwa, tsakar gida muke komawa.

Kwasar adashi ta zo kaina wancan watan, naira dubu 400, maigidan ya ce zai ɗora abin da ya samu. Abin da nake so ba mai yawa ba ne. Ina son fili. Ina son kafet mai laushi da tim-tim jikin bango, da haske, da kantar da zan jera littattafaina, don ni malamar firamare ce kuma littattafan nawa suna cikin kwalaye a ƙarƙashin gado. Ina son in shigo daga makaranta in ji wurin ya karɓe ni.

Ga inda na tsaya. Kujerun nan Babanmu ne ya yi mini su. Shanunsa biyu na huɗa ya sayar, a shekarar sai da ya yi hayar na wasu kafin ya huɗe gonarsa. Sau uku yana shigowa Kano daga ƙauye don ya ga inda kafinta ya kai. Yau shekararsa uku da rasuwa. Ummata duk sanda ta zo sai ta shafa hannun kujera ta ce, "Malam ya iya zaɓe." Na kira dillaliya sau ɗaya, tana shigowa ta fara ƙwanƙwasa su tana taya su, na ji kamar shi ake tayawa, na ba ta haƙuri na ba ta kuɗin mota.

Me zan yi da su? Me zan yi da bangon? Kuma ƙawayena sun dage sai na yi silin POP, wai falo ba ya zama falo sai da shi. Kuɗin nan zai ɗauka?

Kafinta daga Na'ibawa

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya jiƙan Baba, ya kai haske kabarinsa.

Sana'ata ke nan fiye da shekara 20, kuma irin saitin nan na ƙera su da hannuna ba adadi. Kada ki sayar. Tsohuwar kujera ba ta da daraja a bakin dillali, abin da za a ba ki a kan duka saitin ba lallai ya yi miki sabuwa guda ɗaya mai kyau ba. Darajarta tana cikin katakon, shi kuma sai an duba.

Ki sa maigida ya kifar da doguwar. A ƙasanta akwai wani baƙin ƙyalle da aka buga da ƙananan ƙusoshi, a ɓanɓare gefe ɗaya a haska da fitilar waya. Idan katakon ja ne mai nauyi, kin danna shi da bakin makulli bai lotsa ba, to mai yiwuwa maɗaci ne, kin yi dace, zai kai jikokinki. Idan fari ne sakayau, makulli yana nutsewa, to na araha aka sa a ciki aka rufe da ado. Ki duba kuma ko akwai ƙananan huji da wani gari mai laushi yana zuba, wannan ƙwaro ne, ko hanyar ƙasa da gara ke ginawa a jikin katako. Tunda ta daɗe jingine da bango mai danshi, ƙafafun baya ne abin dubawa na farko.

In katakon lafiya lau ne, ki sani yawancin girman kujerun nan hannu ne da kai. Hannu ɗaya yakan wuce taƙi guda a faɗi, kuma cikinsa fanko ne, filawud ne aka naɗe da soso. In aka cire hannayen aka sa sirara, aka sauke wannan dogon kan mai sassaƙa, aka rage ƙafafu, doguwar za ta koma gajeren mazauni da wanda ke kai da wanda ke ƙasa za su yi hira ba wanda ya ɗaga wuya. Sassaƙar da aka cire kuma ba a yar da ita. Ita za a ɗora a saman kantar littattafanki. Na yi wa mutane irin haka, kuma yana kyau.

Yadi: kada ki yarda da wannan roba mai kama da fata. A zafin Kano tana manne wa jiki, shekara biyu uku ta fara saɓulewa. Karammiski kuma da hunturu ya shigo shi ne ma'ajiyar ƙura. Ki nemi yadi mai kauri wanda ba ya sheƙi, a ɗinka wa matasan riga mai zif yadda za ki cire ki wanke. Soso kuwa ki je da ƙafarki a saya a gabanki. Ki ɗora shi a benci ki zauna, in kin ji katako a ƙarƙashinki ki bar shi. Mai kyau yana da nauyi a hannu, in kin tashi nan take yake komawa yadda yake. A nan ne aka fi cutar mutane, domin da an rufe da yadi ba mai gani.

Kantar littattafan a yi ta da katako na gaske. Wannan allon garin katako da ake matsewa, mai santsi kamar gilashi, yana da kyau a ido, amma da ya sha danshi sai ya kumbura kamar burodi a shayi, ba ya kuma gyaruwa.

Abu na ƙarshe, kuma laifinmu ne mu kafintoci, na sani. Kada ki ba da kuɗi duka. Rabi a fara, ragowar ranar da aka kawo kaya, a rubuta a takarda a gaban shaida. Kada kuma ki kai aiki ana saura wata guda salla, ko lokacin da bukukuwa suka yi yawa, don kayan amare za a sa a gaba a jingine naki.

Ƙanwarku ta Kabuga

Anti, ni dai a ganina ki fitar da su gaba ɗaya. Ba sai kin sayar ba. Marayu nawa ne ake ɗaga bikinsu saboda babu kayan ɗaki? Ki ba wa ɗaya da niyyar Allah ya kai ladan kabarin Baba. Wannan zai fi amfanarsa a kan su zauna suna tare miki wuri kina kallonsu kina kuka. Ni da na tare bara kujera biyu kawai na yarda aka sa mini, aka yi ta surutu, yanzu duk wadda ta shigo sai ta ce falona ya fi nata iska.

Gwaggo

'Yata ta Kabuga, maganarki ta sadaka gaskiya ce, Allah ya yi miki albarka. Amma kin tsallake mutum ɗaya. Uwar tana raye.

Maman 'Yan Biyu, ki saurare ni. Na aurar da 'ya'ya mata biyar, na san abin da kayan ɗaki yake a zuciyar uwa. Ke kujera kike gani ta tare miki hanya. Ita in ta shigo, shekarar nan take gani, da shanun, da daren da suka kwana suna lissafi ita da mijinta. Kada ki kuskura ta zo ta tarar an canza, ko da gyaran ya fi kyau sau goma. Kada kuma ki faɗa mata a waya. Ki shirya ki je gida, ki kwana, bayan kun ci abinci hankali ya kwanta ki ce, "Umma, shawara na zo nema." Ki faɗa mata goshin yaron nan da ya fashe, ki faɗa mata warin bango. Sannan ki yi shiru. Abin da ta ce a bari, ki bari, ko da shi ne wanda ya fi tsone miki ido. Sau da yawa uwa ba hanawa take son yi ba, so take a tambaye ta.

Mu lokacinmu ba kujera ake gasa da ita ba. Gado mai rumfa ne, da jeren kwalla da samira tun daga ƙasa har kusa da rufi. Iyayenmu kuma nasu ƙore ne da tasoshi da faifai. Baƙo namiji a zaure yake tsayawa, mace ta shigo a shimfiɗa mata tabarma. Kowane zamani da abin da ake cika ɗaki da shi don dangin miji su gani su san yarinya tana da gata. To an gani, an yaba, shekara 11 ta wuce. Ba wanda zai ce ba ki da gata yanzu don kin rage kujera.

Da aka daina yayin samira na rabar da nawa kaf a wata guda, har da wata 'yar ƙarama mai furen shuɗi da mahaifiyata take zuba mini man shanu a ciki in ta zo. Har yau in na tuna ta sai na ji ba daɗi, ban ma san gidan da ta faɗa ba. Don haka in kin zo kan tangaran ɗin nan, kada ki yi irin gaggawata. Ki sauke su duka a tabarma, ki ɗauki kowanne a hannu. Wanda kika san wadda ta ba ki, ki ajiye. Sauran ki fara cin abinci a ciki, ki ba ƙannenki wasu. Shogilas ɗin shi ya kamata ya fara fita, ba kujera ba.

Zaman ƙasa kuma ina bayanki, amma ki bar kujera mai tsayi ko guda ɗaya. Ni yanzu in na zauna a ƙasa sai an kama ni nake tashi, salla ma a kujera nake yi. Surukarki za ta zo, kawunnan maigida za su zo. Kada ki gyara falo ya zama tsoho ba shi da wurin zama a ciki.

Tim-tim ki shiga Kasuwar Kurmi wajen dukawa. Ki sansana kafin ki biya, fatar da ba ta jemu sosai ba da damina ta zo za ta tayar miki da wari. Ki sayo fanko ki cusa tsofaffin kayan yara da zannuwan da kika daina ɗaurawa, ya fi tauri, ya fi daɗin jingina, kin kuma rage kaya a ɗaka.

Mai Fenti, Zariya

Hajiya, duk abin da aka faɗa a sama daidai ne, amma kada ki kashe ko sisi a kan yadi ko kafet sai an gama da bangon nan. In ba haka ba baɗi war haka sabon kafet ɗinki ne zai yi warin.

Farin garin da kike gani gishiri ne. Ruwa ne ke hawowa ta cikin bulo daga ƙasa, in ya bushe ya bar gishirin a fuskar bango. Fentin mai kuma ya toshe masa hanyar fita, shi ya sa yake kumbura. Ki gwada wannan: ki yanki leda fara kamar faɗin faranti, ki manna a wurin da salatif ta kowane gefe, ki bar ta kwana biyu. In kin ga raɓa ta cikin ledar, ta ɓangaren bango, to daga cikin ginin ruwan yake fitowa. Tunda kin ce da damina yake tashi kuma bayan lungu ne, maigida ya zagaya ya duba. Ko ƙasar lungun ta fi daɓen falonku tudu, ko wani indararo yana zuba a gindin bangon, ko kwata ta toshe. A gyara can tukuna, a yi wa gindin bangon daɓen siminti mai gangare yadda ruwa zai gudu.

Daga ciki kuma a sassaƙe filastar har a wuce inda danshin ya tsaya da kamar ƙafa ɗaya. A bar bulon tsirara ya sha iska. Kin yi sa'a hunturu na tafe, babu lokacin da ya fi shi busar da gini. Sannan a sake shafe da yashi mai tsabta da siminti, a zuba maganin hana ruwa da ake sayarwa a shagunan kayan gini, a kasuwar Ƙofar Ruwa nan Kano ba za a rasa ba. A jira kamar sati huɗu kafin fenti. Na san zama da falo a hargitse wata biyu da yara ba daɗi, amma wanda ya yi fenti a kan ɗanyen shafe zai sake. Za a ce miki ki manna tayil ko takardar bango ki huta. Kada ki yarda. Rufe ciwo ne, danshin zai haura sama da tayil ɗin ya fito.

Fentin ruwa za ki sa. Kada ki sa fari fat, ƙurar hunturu da hannun yara za su nuna a sati guda. Ruwan madara ko ƙasa-ƙasa mai haske ya fi. Sauran bangon da ke da fentin mai sai an goge shi da samfefa ya daina sheƙi, in ba haka ba sabon ba zai kama ba.

POP kuwa, da wannan kuɗin, ki bar shi. In silin ɗinki bai lotsa ba, a duba kwano ko yana yoyo, a shafa masa farin fenti, shi ke nan. Kuɗin ki kai shi taga. Zafin falonki na rashin mafitar iska ne, ta shigo ta taga ɗaya ba ta da inda za ta bi. A fasa ƙarama can sama kusa da silin a bangon da ke kallon tagar, a sa mata raga da ƙarfe. Iska mai zafi sama take taruwa, ta nan za ta fice, kuma mai wucewa ba zai leƙo ku ba. Magini ya duba kafin a fasa. Labule mai hawa uku a sauke, a sa shara-shara ɗaya da mai kauri ɗaya na dare.

Ƙwan fitila ma ki duba kwalinsa. Wanda aka rubuta 6500K a kwalinsa shi ne farin nan mai kashe ido irin na shago. Mai 3000K haskensa ja-ja ne, ya fi kwantar da hankali da dare. Ki bar fari ɗaya saitin inda yara ke karatu.

Maman 'Yan Biyu

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na yi shiru ne don ina so in dawo da labari.

Gwaggo, na je gida na kwana biyu kamar yadda kika ce. Da na gama bayani Umma ta daɗe ba ta ce komai ba, tana ta tsince wake a faifai. Can ta tambaye ni wacce ce ke kusa da ƙofa a cikin ƙananan biyun. Na ce mai ɗan tabo a hannun dama. Ta ce to ita kada a taɓa ta. Ashe a kanta Baba ya zauna ranar sunan 'yan biyu, kuma wannan ne kaɗai shigarsa ɗakina tun da aka kawo ni. Ni ina ciki a ranar, mata sun cika gidan, ban san inda ya zauna ba. Ta ce ko minti goma bai yi ba, aka miƙa masa yaran ɗaya bayan ɗaya ya yi musu addu'a ya tashi. Sauran kuwa ta ce in yi yadda na ga dama, ta ma kawo sunan wata 'yar ƙanwarta marainiya da za a aurar bayan salla. Mai biyun da ɗaya ƙaramar can za su tafi, har da shogilas. Ƙanwata ta Kabuga, kin ga shawararki ta shiga.

Malam kafinta, mun kifar da doguwar. Jan katako ne, makulli bai shige shi ba. Ƙafar baya ɗaya ce ta ɗan ci, ita ma daga ƙasa. Tana wurin wani kafinta a unguwarmu yanzu, na ba shi rabi, mun rubuta, soso kuma ni na je na zauna a kan kala huɗu kafin na zaɓa.

Ledar ta yi raɓa tun kwana ɗaya. Indararon maƙwabcinmu ne ke zuba daidai gindin bangon, maigidan ya yi masa magana, mutumin kirki, tare suka sa aka juya shi aka yi daɓen. An sassaƙe ciki, yau kwana 12 bulon yana shan iska. An fasa 'yar tagar sama. Falon babu komai sai tabarma biyu da kujerar Baba a kusurwa na lulluɓe ta da zani saboda ƙura, amma jiya bayan isha'i mu shida muka baje a ciki, yara har da birgima, ba wanda ya ce a koma tsakar gida. Teburin gilashi na bayar.

Saura tambaya ɗaya. Kujerar nan yadinta ja ne mai duhu, ya ɗan koɗe a inda ake ɗora hannu, kuma tana ɗan girgiɗi in an zauna. Umma ta ce kada a taɓa ta. Ɗaure ƙafar yana cikin taɓawa? Kuma wane launin yadi zan sa wa doguwar da ba za su yi faɗa da ita ba?

Kafinta daga Na'ibawa

Masha Allah Hajiya. A ɗaure ƙafar, don kada wata rana tsoho ya zauna ta kai shi ƙasa. Ba sai an fitar da ita daga gida ba. Kafintan ya zo da gam da matsi, ya yi daga ƙasa a gabanki, ya bar ta kwana ɗaya ba a zauna ba. Yadin kada ya cire ko ƙusa ɗaya. Ki goge shi da burushi mai laushi, katakon hannun kuma ɗan mai a tsumma ya isa. Ki bar taƙi guda tsakaninta da bango.

Doguwar ki sa mata ruwan ƙasa mai haske ko ruwan toka, mara fure. Sai ki nemi ƙyalle ja mai duhu irin na kujerar, ki je kasuwar Kantin Kwari da hotonta a waya, a ɗinka ƙananan matasai biyu a ɗora a kan doguwar. Amma ki faɗa wa Umma maganar ƙafar kafin kafintan ya zo.